Tabarmar da Na Naɗe a Kan Faɗa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, har yau ba a ga bakin shimfiɗar ba. Ya ɗaga sama, har yau ba a ga igiyar da ta riƙe ta ba. Bayan haka, ni ce Kyallu 'yar Nomau, mutuniyar Tungar Kaba, can gefen tekun da ke barci da tsakar rana, ƙasar da rana biyu ke fitowa, babba da ƙanwarta. Na yi tafiyar wata goma sha ɗaya, na sha ruwan garuruwa uku, duk don in dawo da mutum ɗaya gida. Ga yadda aka yi.

A garinmu akwai wasan da ake kira wasan tabarma. In la'asar ta yi sai a yi shimfiɗa a gindin tsamiya, a zauna kewaye. Kowa na da jaruminsa, wanda ya sassaƙa da hannunsa ya raɗa masa suna. Mutum ɗaya kuma shi ne mai riƙon tabarma, shi ke faɗin dajin da aka shiga, da ƙofar da aka tarar, da abin da ke laɓe a bayanta. In zagaye ya zo kanka, ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ka jefa tsakuwar sa'a mai fuska goma sha biyu. Ta ba da bakwai ko fiye, ka ci nasara. Ta ba da ƙasa da haka, sai abin da mai riƙo ya ce. Babbar doka ɗaya ce, kowane yaro ya san ta: ba a naɗe tabarma a kan faɗa.

Ni ce mai riƙo a gidanmu, kuma ba zan ɓoye muku ba, gajen haƙuri gare ni. Yayana Arzika yana da jarumi mai garkuwa, sunansa Ginshiƙi, kuma kafin ya yanke abin da zai yi tuwo ya huce. Matarsa Gwamma kuwa tana da maharbiya da ta sassaƙa da ƙodagon goruba, ta sa mata suna Barkono. Gwamma ba ta taɓa bin hanyar da na share mata ba. Na taɓa kwana uku ina shirya musu rundunar kuraye, ta zo ta tambayi uwar kurayen ko sun karya kumallo, faɗa ya koma walima.

Na ce, “Matar Yaya, ke fa ɓarnarki ta fi ta fara.”

Ta ce, “Ƙanwar miji, in kiɗa ya canza, ai rawa ma sai ta canza. Ke dai ci gaba da kiɗa.”

Ranar ƙarshe na haɗa su da Kadan Mashigi, kada mai ƙaho, mai fitar da hazo ta hanci. Garkuwar Ginshiƙi ta tsage, Barkono na kan dutse a tsakiyar kogi da kibiya biyu tak. Zagaye ya zo kan Gwamma. Ta ɗaga yatsa tana dariya ta ce, “Ku dakata, ina da dabara.” Sai ta dafe kai. Ta ce bari ta ɗan kishingiɗa, kada kowa ya taɓa mata Barkono. Kwana huɗu bayan haka aka kai ta makwancinta.

Tabarmar na nan a gindin tsamiya, masu zuwa ta'aziyya na kewaye ta. Ranar sadakar bakwai na kasa jure ganinta. Na tattara jaruman na zuba a ƙwarya, na naɗe tabarma na jingine a bayan rumbu. Yaya na tsaye yana kallona. Da gari ya waye ba shi, ba Ginshiƙi, ba Barkono, ba kada.

Shekara bakwai ba labari. Sai wata mai fataucin kanwa ta sauka a gidanmu, ta ce ta ga mai kama da ni a Birnin Sikeli, inda faɗan tabarma ba ya ƙarewa. Ta ce wanda ya daɗe a zaune a can, kabar tabarmar ce ke tsirowa tana saƙa shi. “Na bar shi ta kai masa ƙugu,” in ji ta. “In ta rufe wuya, shi ke nan, tabarma ta ƙaru da taku ɗaya.” Ban jira ta gama shan furarta ba. Na ciro tsohuwar tabarmata na goya a baya, na sa tsakuwata a lalita.

Na ƙetare teku da tsakar rana, lokacin da yake barci. A kan ruwan ake tafiya, ba takalmi, ba tari, kifaye na shawagi a ƙarƙashin tafin ƙafa kamar ana mafarkinsu. Da ƙaramar rana ta karkata na ji ruwan ya fara miƙa, sai na ɗaga ƙafa na kai gaci.

Garin farko shi ne Birnin Ƙiftawa. Gidajensu ba zaure, don ba mai lokacin gaisuwa. A ƙofar gari wani mai riƙo ne zaune, sunansa Cindo, da kwando cike da jarumai marasa suna. Dokarsu ita ce baƙo ba ya wucewa sai ya yi wasa, faɗa kuma jifa ɗaya ne. In jaruminka ya mutu, za ka zauna shekara guda kana sassaƙa musu wasu, domin kwando guda suke kashewa kowace rana. Na leƙa bayan ganuwa na ga tarin matattun jarumai ya fi jujin kasuwa tsawo, ba mai ko waiwayarsu.

Cindo ya miƙo min ɗaya bai dube ni ba. Ya ce, “Ga damisa. Jefa.”

Shekara guda ba ni da ita. Sai na ari halin Gwamma. Na ce, “Malam, wace irin damisa?”

“Damisa dai. Jefa, baiwar Allah, akwai layi.”

“Me ya fito da ita da rana tsaka? Yunwa ce ko ciwo?”

Masu layi suka fara guna-guni, can kuma suka yi tsit, don su ma suna son su ji. Cindo ya sosa ƙeya, ya dubi tabarma kamar yau ya fara ganinta. A hankali ya ce, “Tana ɗingishi. Akwai ƙaya a ƙafarta ta baya.” Shi kansa ya yi mamakin abin da ya fito daga bakinsa.

Na ce, “To ni ƙayar zan cire.” Na jefa. Tsakuwa ta ba da biyar.

Aka ce, “Jaruminta ya mutu!” Cindo ya ɗaga hannu ya ce dokar mutuwa ta faɗa ce, nan kuwa ba a yi faɗa ba. Ya ce damisa ta yage wa jarumin hannun riga, ta lashi ƙafarta, ta shige ciyawa. Ya buɗe min ƙofa. Na wuce ina raina hankalin mutanen garin, amma akwai abin da na kasa musantawa: sa'ad da tsakuwar nan take sama, numfashina ya tsaya cak, kuma rabon da in ji ina raye haka tun Gwamma na nan.

Gari na biyu Tsibirin Auduga ne, wanda ke yawo a sama tsakanin gajimare. Wani zalɓe mai girman rumbu ne ya kai ni. Komai na can fari ne, mai laushi, har maganar mutane a kwance take fitowa. Mai riƙonsu wata tsohuwa ce, Inna Dudu. Ita ke jefa wa kowa tsakuwa, ta kife ta da ƙoƙo, ta leƙa, ta faɗi lamba. Shekara sittin ba jarumin da ya taɓa ko tuntuɓe. 'Yan wasa na gyangyaɗi, a tashe su a ce sun kashe dodo, su ce madalla su koma barci.

Ta dube ni sau ɗaya ta ce, “'Yata, wa kika rasa?”

Na faɗa mata. Sai ta murza auduga ta yi 'yar maharbiya ta ɗora a tabarma, ta riƙa magana a madadinta da muryar da ta kusa zama ta Gwamma. Kwana arba'in na yi a wurin. Ina faɗa da kunya, amma daɗi na ji, har na daina ƙirga inda kaba ta kai a jikin Yaya.

Abin da ya farkar da ni shi ne Barkonon Inna ba ta gardama. Duk abin da na ce, sai ta ce to. Wata rana na ce jarumina zai yi tsalle daga kan dutse ya faɗa rami. Inna ta leƙa ƙoƙo ta ce, “Goma sha biyu. Iska ta tallafe shi.” Na kai hannu na ɗaga ƙoƙon. Tsakuwar sumul take, ba lamba ko ɗaya.

Inna ba ta yi fushi ba. Ta ce, “Ɗana ne ya yi kuka ranar da jaruminsa ya mutu, na samu dutsen niƙa na goge su. Tun daga ranar ba wanda ya sake kuka a tabarmata.”

Na ce, “Inna, na kwana arba'in a nan, ban ji an yi dariya ba.”

Ina rufe baki na ji jikina ya yi nauyi. Ashe tsibirin ba ya ɗaukar wanda ya leƙa ƙarƙashin ƙoƙo. Na nutse cikin auduga sannu a hankali, na ratsa gajimare, na dira a kan rairayi, ga ganuwar Birnin Sikeli a gabana.

Filin wasansu ba rufi, tabarmar kuwa ta fi kasuwar garinmu faɗi. Ko'ina mutane ne zaune ƙungiya ƙungiya, wani kaba ta kai masa gwiwa, wani kafaɗa. Nan da can akwai ɗan tudu a saƙar, inda wani ya taɓa zama. Babban mai riƙonsu Sarkin Sikeli Barmo ne, dattijo mai tsabta, hannunsa na dama a ɗage da sikelin tagulla, littafin doka a cinyarsa. Bayan kowane jifa sai ya auna ƙarfin jarumai da na dodo da ƙwayar gero. Ɓangaren da ya yi sauƙi sai ya ƙara masa ƙwaya, har sikeli ya daidaita. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, “Adalci, 'yata. Faɗan da wani ya fi wani ƙarfi ai zalunci ne.”

Na ce, “To yaushe ake gamawa, Baba?”

Ya ce, “Littafi bai yi maganar gamawa ba.”

A gabansa na sami Yaya. Kansa ya yi fari fat, kaba ta kai masa ƙirji, kafaɗu da hannuwansa ne ke waje. Ga Ginshiƙi, ga kada, ga Barkono a kan ɗan dutse. Ya ɗago ya ce, “Kyallu, kin zo? Zauna a hankali, kada ki taka kogi.” Kamar jiya muka rabu.

Kwana uku ina kallo. Kowane zagaye Barmo zai ce, “Barkono, zagaye ya zo kanki.” Littafi ya ce in mai jarumi ba ya kusa, a jira shi numfashi uku. A cikin numfashi ukun nan Yaya zai lumshe ido, fuskarsa ta koma ta ango. Sai a wuce. In aka zo kansa, magana ɗaya ce: “Na tare mata.” Shekara bakwai bai kai sara ko sau ɗaya ba. Kada ya kawo hari, garkuwa ta tare, Barmo ya auna, a sake zagaye.

A rana ta uku halina ya motsa. Na ce, “Yaya, kai fa mutum ne, ba faifai ba! Kana kallo ana saƙa ka? Sari kadan nan mu tafi gida!”

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ta ce a dakata tana da dabara. Ke kika naɗe, Kyallu. Ni ban naɗe ba.”

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na jira har babbar rana ta faɗi ta bar ƙaramar. Sannan na juya ga Barmo na ce, “Baba, in an yi jayayya a kan faɗa, littafi ya ce na waye?”

Ya buɗe da hannun hagu ya karanta. “Faɗa na wanda ya buɗe shi ne.”

Na kwance goyona na shimfiɗa tsohuwar tabarma. Ga zanen kogi da gawayi bai goge ba, ga tabon furar da Gwamma ta zubar a kusurwa. Na ce, “A kan wannan aka buɗe shi, ni na buɗe.” Barmo ya duba da kyau. Mutum ne mai gaskiya, doka ce kawai ta yi masa yawa. Ya matsa ya ba ni wuri, ya ce, “To sikeli fa?”

Na ce, “Ajiye shi, Baba, ya huta.” Ya ajiye, amma hannun ya ƙi sauka, ya riga ya sandare a sama.

Na mayar da kowa inda yake shekara bakwai da suka wuce. Na ce, “Hazo ya rufe mashigi. Garkuwa ta tsage. Kibiya biyu ta rage. Barkono, zagaye ya zo kanki.” Yaya ya lumshe ido. Numfashi ɗaya, biyu, uku. Ban wuce ba.

Ya buɗe ido ya ce, “Ta faɗa miki dabarar? A ɗaki, da kike jinyarta?”

Da na ƙago masa wata, da ya yarda. Na tuna ƙoƙon Inna Dudu. Na ce, “Ba ta faɗa ba, Yaya. Ta tafi da abarta. Amma kai ka zauna da ita shekara tara. Gwamma ce za ta laɓe a bayan garkuwa shekara bakwai?”

Ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo. Ya ce, “Da ta zage ni tas.” Ya daɗe yana kallon ƙodagon. Can ya ce, “Ba za ta harba ba. Za ta cire tsirkiyar baka, ta dira a bayansa, ta ɗaure masa baki.”

Na ce, “Jifa ɗaya ne, a fili, ba ƙoƙo, ba gero. In ta ba da bakwai ta tsira. In ba ta ba, ba zan yi maka ƙarya ba.”

Na sa masa tsakuwa a tafin hannu. Kaba ta riga ta fara lasar haƙarƙarinsa na sama. Har waɗanda aka saƙa zuwa wuya sun juyo da idanu. Ya jefa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma wannan jifan sai da na ga kamar ba zai sauko ba. Ta faɗo, ta gangara ta tsaya a kan tabon fura.

Uku.

Barmo ya kai hannun hagu ga gero. Na harare shi, ya janye. Ya ce a hankali, “Littafi ya ce ta faɗi.”

Na ce, “Tsakuwa ta ce ta faɗi, Baba. Yadda za ta faɗi kuwa, wannan nawa ne.” Na ci gaba. “Ta dira a bayansa. Ta zarga tsirkiya a ƙahonsa, ta ja kansa sama har farin maƙogwaronsa ya fito. Ya yi birgima, ƙafarta ta zame, kogi ya ɗauke ta. Tana tafiya tana dariya, ba ta saki tsirkiyar ba. Tana cewa, Ginshiƙi, kai fa nawa gare ka, ga wuya na buɗe maka! Ginshiƙi, zagaye ya zo kanka.”

Yaya ya dubi Barkono da na kwantar a cikin zanen kogi. Hawaye na bin gemunsa. Ya ce, “Na yar da garkuwa. Na sara.” Ya jefa. Tara ce. Kada ya kife, hazo ya washe, faɗa ya ƙare.

Sai na ji ƙara kamar ana ɓare gyaɗa. Kabar ce ke warwarewa daga ƙirjinsa, zare zare, har ta sauka ƙasa. Ya kifa kai a kafaɗata ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, ni ma na taya shi, ba kunya. Daga nesa na ji wani yana tambayar mai riƙonsa ko shi ma za a bar shi ya yi jifa ɗaya. Barmo bai hana ba, yana can yana ƙoƙarin sauke hannunsa da ɗaya hannun.

Na kai hannu zan naɗe tabarma, Yaya ya riƙe ni. Ya tsame Barkono daga kogi, ya share ta da bakin riga ya sa a aljihu. Sannan ya naɗe da kansa, a hankali, yadda yake yin komai. Ƙafafunsa sun manta tafiya, ni na tallafe shi har bakin teku, muka zauna muna jiran ruwa ya yi barci.

Can ya ce, “Kyallu, kin dai yi saurin kashe ta.”

Na ce, “Shekara bakwai, Yaya.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Amma ta yi dariya.”

Na ce, “Ta yi.”

Iyakar abin da na gani ke nan, iyakar abin da na ɗauko. Tabarmar na nan a gindin tsamiya duk la'asar, Barkono kuma na kan reshe inda Yaya ya ajiye ta, tana kallon masu wasa. Wanda ya zo ya zauna, amma ya sani ba na kife tsakuwa.